Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Majalisar Dokokin Jihar Kano Kan Masu Tayar Da Cinikin Fili Bayan Sun Karɓi Kuɗi

Mai Girma Shugaban Majalisa da sauran 'yan majalisa masu girma,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto muku ne a matsayina na lauya mai zaman kansa a wannan gari, wanda yawancin masu shigowa ofishinsa ba manyan attajirai ba ne. Malaman makaranta ne, da direbobi, da teloli, da ƙananan ma'aikata, da matan da suka tara kuɗin adashe. Kukan da ya fi yawa a bakinsu a 'yan shekarun nan guda ɗaya ne. Mutum ya sayi fili, ya biya kuɗi duka ko mafi yawa, an rubuta takarda, shaidu sun sa hannu, sai bayan wata shida ko shekara mai fili ya aiko a ce masa ya fasa, ya zo ya karɓi kuɗinsa. Abin da nake roƙon wannan majalisa shi ne ta sa doka ta tsaya a bayan cinikin da aka ƙulla, ta yadda wanda ya saya ya biya zai samu filinsa, ba kuɗin da suka riga suka zube ba.

Kun san yadda ake cinikin fili a Kano, domin da wuya a samu ɗayanku da bai taɓa saye ko sayarwa ko zama shaida ba. Dillali ya kai mai saye ya ga wuri, a zaga a nuna masa iyaka, gabas wane, yamma hanya, kudu kango. A yi tayi, a ce albarka, a ƙara, a sake cewa albarka, har a kai inda mai fili zai ce ya sallama. A yi addu'a, a ba da kafin alƙalami, dillali ya karɓi la'adarsa. Sai a nemo takarda. Sau da yawa falle ɗaya ce da aka yago daga littafin ɗan makaranta, a rubuta cewa ni wane na sayar wa wane filina da ke wuri kaza a kan kuɗi kaza, ya ba ni kaza, saura kaza. Shaidu biyu su sa hannu ko su dangwala, in an yi sa'a a kai wa mai unguwa ya buga hatimi. Babu tsawo da faɗin filin, babu ranar da za a kawo ciko, babu abin da zai biyo baya idan ɗaya ya saɓa. A haka aka sayar da dubban filaye na awon igiya a Kumbotso da Ungogo da Gezawa da Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, kuma a haka ake sayarwa har yau da nake wannan rubutu.

A da wannan takardar tana isa, saboda kunya tana aiki kuma kuɗi suna riƙe darajarsu. Yanzu lissafin ya canza. Tun daga watan Mayu na 2023 da aka cire tallafin man fetur, da watan Yuni da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa a kan naira 460 da 'yan kai ta haura naira 1,500 a farkon 2024, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 30 cikin 100 a shekarar ta 2024. Fili shi ne inda kowa ya ruga ya ɓoye kuɗinsa. Saboda haka wanda ya sayar bara yana kallon maƙwabcinsa ya sayar bana a kan ninki biyu, sai zuciya ta fara raya masa cewa an cuce shi. A ɗauka ya sayar a kan miliyan 3, yau ana taya irinsa miliyan 7. Idan ya tayar da ciniki ya mayar da miliyan 3, ya ci ribar miliyan 4 ba tare da ya ɗaga ko tsinke ba, kuma ya juya kuɗin mutum na tsawon shekara kyauta. Wanda aka mayar wa kuɗin kuwa ko rabin fili ba zai samu da su ba a unguwar. Duk tsarin da ya bar wannan lissafi a haka, ya mayar da saɓa alkawari sana'a mai riba.

Na ga wata malamar firamare da mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Ta shigo da baƙar leda a hannu, ta warware, ta fito da takardar ciniki da ta sha ninki har rubutun tsakiya ya fara gogewa, da 'yan ƙananan rasitan mai POS da ta jera bisa kwanan wata ta ɗaure da kyauro. Ta biya a hankali har ta gama, ta sauke bulo da yashi tana jiran albashi ta ɗauki magini. Ranar da ta je duba kayan ta tarar an kwashe bulonta an jibge a bakin hanya, wani yana haƙa tushe a wurin. Da daddare ɗan mai filin ya zo ƙofar gidan da take haya da kuɗinta cif, ya ce baba ya ce a ba ta haƙuri, 'yan'uwa ne ba su yarda ba. Abin da ta tambaye ni shi ne, "Lauya, dole ne in karɓa?"

Amsar doka ita ce ba dole ba ne. Mutane da yawa ba su san cewa ikon kotu bai tsaya ga umartar a mayar da kuɗi ba. Babbar Kotu tana iya tilasta wa mai sayarwa ya cika cinikin, ya sa hannu a takardun mallaka, ya miƙa filin. Wannan iko mun gaje shi ne daga kotunan Ingila, kuma hujjarsa mai sauƙin ganewa ce. Idan aka saɓa maka a cinikin buhun masara, ka karɓi kuɗinka ka tafi Dawanau ka sayi wani. Fili ba haka yake ba. Wanda ya zaɓi fegi saboda yana kusa da gidan mahaifiyarsa, ko yana bakin titi, ko ruwa ba ya kwanciya a wurin, babu kuɗin da zai maye masa wannan. Shi ya sa a shari'ar fili ake ɗaukar cewa diyya ba ta wadatarwa. Sai dai umarnin ba haƙƙi ba ne da ake karɓa kai tsaye, alƙali ne ke aunawa. Zai duba ko akwai ciniki tabbatacce da aka san masu yin sa da filin da farashin. Zai duba ko mai ƙara ya sauke nasa nauyin ko a shirye yake ya sauke. Zai duba ko ya yi sakaci ya bar lokaci ya ja. Sannan zai duba ko filin ya riga ya faɗa hannun wani da ya saya da zuciya ɗaya bai san da ciniki na farko ba.

Musulunci ya riga kowa a wannan fage, kuma mafi yawan masu wannan ciniki Musulmi ne. Allah Ya buɗe Suratul Ma'ida da umartar muminai su cika alkawura. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, ta ce a rubuta bashi zuwa ajalinsa ambatacce, kuma a kafa shaidu idan an yi ciniki. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, ciniki yana ƙulluwa ne da an yi tayi an sallama, ba a ma jiran a tashi daga wurin zama. Daga wannan lokaci filin na mai saye ne, abin da ya rage wa mai sayarwa shi ne bin cikon kuɗinsa. Idan ya sake sayarwa, dukiyar wani ya sayar. Akwai ƙofar warware ciniki, kuma an kwaɗaitar da mai saye ya yafe wa ɗan'uwansa da ya yi nadama, amma alfarma ce da ake roƙo, ba a aiko yaro da kuɗi da daddare a ce an fasa. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito gargaɗin cewa wanda ya zalunci wani ko da taƙi ɗaya na ƙasa, za a rataya masa shi daga ƙassai bakwai. Ke nan dokar boko da ta addini sun haɗu a wuri ɗaya. To, me ya sa malamar nan da ire-irenta suke karɓar kuɗin su tafi gida suna kuka?

Babban dalili shi ne sahalewar gwamna, kuma a nan nake so in daɗe. Mu a Arewa wannan ba sabon abu ba ne. Tun dokar filaye ta 1910 da Turawa suka kafa, da wadda ta gaje ta a 1916, da Dokar Mallakar Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962, ƙasa tana hannun hukuma ne, mutum haƙƙin zama kawai yake da shi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa, ta ɗauki wannan tsari ta shimfiɗa shi a kan Najeriya baki ɗaya. Sashe na 1 ya danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Sashe na 22 ya hana mai haƙƙin mallaka irin wanda gwamna ke bayarwa ya sayar ko ya jinginar sai da sahalewar gwamna tukuna. Sashe na 21 ya yi makamancin haka ga filayen karkara da ke ƙarƙashin ƙaramar hukuma. Sashe na 26 kuma ya ce duk abin da aka yi saɓanin haka rusasshe ne.

A 1989 Kotun Ƙoli ta yanke shari'ar Bankin Savannah da Ajilo. Mutum ne ya jinginar da filinsa a Legas aka ba kamfaninsa bashi, da banki ya zo sayarwa sai ya ce ai ba a nemi sahalewar gwamna ba, jinginar ba ta inganta ba. Kotu ta ba shi gaskiya, ta kuma ce sharaɗin ya hau har kan waɗanda suka mallaki filayensu tun kafin 1978 ba tare da gwamna ya ba su satifiket ba. Daga ranar masu son zamewa suka samu mafaka. Nauyin neman sahalewar a kan mai fili yake, amma shi ne zai ƙi nema, sannan ya dawo ya kafa hujja da rashin ta. A 1995, a shari'ar Awojugbagbe da Chinukwe, Kotun Ƙoli ta sassauta. Ta bayyana cewa doka ba ta hana mutane su ƙulla yarjejeniya kafin sahalewa ba, miƙa mallakar ne ba ya kammaluwa sai an samu. Wato cinikin fili hawa biyu ne, hawan yarjejeniya da hawan miƙawa, kuma na farko yana da rai ko da na biyu bai zo ba. A kan wannan ne ake iya roƙon kotu ta tilasta wa mai sayarwa ya je ya nemi sahalewar da kansa. An kuma samu hukunce-hukuncen da suka ce mutum ba zai ci ribar laifin kansa ba. Duk da haka hukuncin Ajilo bai mutu ba, ana ta komawa gare shi, kuma kowane lauya mai kare mai tayar da ciniki da shi yake fara buɗe baki. Talakan da ya sayi awon igiya, wanda filinsa ba shi da satifiket ballantana a yi zancen sahalewa, shi ne ya fi kowa zama a tsakiyar wannan ruɗani, alhali gari ya riga ya cim ma gonar da aka yanka masa.

Na san wannan majalisa ba ta da ikon taɓa dokar 1978, domin sashe na 315 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kulle ta, ba a gyara ta sai ta hanyar da ake gyara kundin kansa. Amma abin da ke hannunku ba kaɗan ba ne. Kuna iya kafa dokar jiha kan yarjejeniyar cinikin fili da za ta rubuta ƙarara abin da Kotun Ƙoli ta faɗa a 1995: cewa duk wanda ya sa hannu ya sayar, ya ɗauki alkawarin neman sahalewa cikin wa'adi sananne, kuma idan ya ƙi, kotu tana iya umartar magatakardanta ya sa hannu a madadinsa a tura takardun gaba. Kuna kuma da ikon sa ido a kan ɓangaren zartarwa. Sashe na 45 ya ba gwamna damar wakilta kwamishina a wannan aiki, saboda haka babu dalilin da zai sa neman sahalewa ya zama tafiyar da ba a san ranar dawowa ba. A sa masa kwanaki ƙidayayyu, a buga kuɗinsa a bango kowa ya gani, a rage shi ga ƙananan filayen zama. Mutane ba don taurin kai suke gudun neman sahalewa ba, tsada da jeka-ka-dawo ne suke korar su.

Sai maganar rajista. A 1985, a shari'ar Okoye da Dumez, Kotun Ƙoli ta ce wanda ya biya kuɗi ya kuma shiga fili yana da haƙƙi mai ƙarfi ko da takardarsa ba ta da rajista, babu mai ture shi sai wanda ya saya da kuɗinsa ya samu cikakkiyar mallaka bai san da shi ba. Bayan shekaru, a shari'ar Benjamin da Kalio, kotun ta ce dokar jiha ba za ta hana a karɓi takarda marar rajista a matsayin shaida ba, domin dokar shaida hurumin tarayya ce. Ba a cika shekara biyu ba, a 2019, shari'ar Abdullahi da Adetutu ta komo da tsohon matsayi, cewa irin wannan takarda ba ta tabbatar da mallaka, sai dai ta nuna an biya kuɗi an yi ciniki. Mu lauyoyi muna iya kwana muna muhawara a kan wannan. Mai saye kuwa abin da yake buƙata wuri ne da zai je ya rubuta cewa ya sayi fili kaza, ta yadda duk wanda aka kai wa tallan filin gobe zai duba ya gani.

Wannan shi ne roƙona da na fi ba nauyi. Babbar barazana ga mai saye na farko ita ce mai saye na biyu da zai rantse bai sani ba, kuma sau da yawa gaskiya yake faɗa. A buɗe rajistar yarjejeniyar ciniki mai arha, dabam da rajistar mallaka, a kowace sakatariyar ƙaramar hukuma 44, a haɗa ta da na'urorin KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta jihar. A ɗauki lambobin wurin da waya, da hoton mai saye da mai sayarwa, da lambar katin ɗan ƙasa, a ba mutum rasit a ranar. Doka ta ce wannan rubutu sanarwa ce ga kowa, duk wanda ya saya a kansa ba zai ce bai sani ba. Kada a ce sai fili mai satifiket za a rubuta, domin idan aka yi haka an bar kashi mafi yawa na matsalar a waje. Rubuta yarjejeniya ba halatta awon igiya ba ne, hukumar tsara birni tana nan da ikonta. Hana mutum ɗaya sayar da fegi ɗaya ga mutum uku ne kawai. A kuma jawo masu unguwanni da dagatai cikin tsarin, a wajabta musu ajiye littafi mai lambobi, saboda hatiminsu mutane suka fi yarda da shi, kuma babu abin da ya fi zubar da wannan yarda kamar a ga hatimi ɗaya a kan takardu biyu na fili ɗaya.

Adalci ya sa in faɗi ɓangaren mai sayarwa, domin ba kullum shi ne azzalumi ba. Akwai mai sayen da zai ajiye ɗan kafin alƙalami ya ɓace, a neme shi a rasa, sai ranar da ya ji za a yi titi ta wurin ya bayyana da ciko a tsohon farashi. Wanda ya sayar da filinsa don ya biya kuɗin asibiti ko ya aurar da 'ya, aka bar shi da rabin kuɗi lokacin buƙata ya wuce, shi ma an cuce shi. Kotun Ƙoli ta duba irin wannan a shari'ar Odusoga da Ricketts a 1997, inda ta nuna cewa a cinikin gargajiya wanda ya ba da wani ɓangare ya ƙi cikawa ba zai riƙe fili da wannan ba. Rikicin yana tasowa ne daga rashin rubuta abu biyu, ranar ciko da matsayin kuɗin da aka fara bayarwa. Ko a fiƙihu, Imam Malik ya kawo hani a cikin Muwaɗɗa kan kafin alƙalamin da za a cinye idan mai saye ya janye, don haka bai kamata a bar wannan ga zato ba. Ma'aikatar Shari'a ta tsara takardar ciniki ta bai-ɗaya, da Hausar boko da ajami da Turanci a jere, a raba ta kyauta. Ta ƙunshi awon fili da iyakokinsa, da farashi, da abin da aka biya, da ranar ciko, da kwanakin gargaɗi kafin a warware, da shaidar cewa an karanta wa wanda bai iya karatu ba ya fahimta kafin ya dangwala. Fassarar da ke jikinta za ta rage wata wahalar, tunda harshen Babbar Kotu Turanci ne, kuma takardar Hausa sai an fassara ta kafin alƙali ya yi aiki da ita.

Uzurin da aka kawo wa malamar can, cewa 'yan'uwa ba su yarda ba, shi ne wanda aka fi ji. Wani lokaci ƙarya ce da aka shirya, wani lokaci gaskiya ce, babban wa ya sayar da gonar gado kafin a raba, ƙannensa mata ba su sani ba. Kotu ba za ta tilasta a miƙa abin da mai sayarwa bai mallaka shi kaɗai ba, kuma ga haƙƙin shufu'a da Malikiyya ta ba abokin tarayya a kadarar da ba a raba ba, wato ya biya kuɗin ya karɓe rabon da aka sayar wa bare. Takardar bai-ɗayan ta tambayi asalin filin tun a layin farko. In na gado ne, a haɗa da takardar rabon gado daga kotu ko sa hannun magada duka.

Akwai kuma tarkon hurumi, wanda ya cinye shekarun mutane da yawa. Talaka kotun shari'ar Musulunci ya sani, nan ce kusa da shi, da harshensa ake magana, ba sai ya ɗauki lauya ba. Amma sashe na 39 na dokar 1978 ya keɓe wa Babbar Kotu shari'ar filin da ke ƙarƙashin haƙƙin mallaka na gwamna, wato filayen birni. Sannan sashe na 277 na kundin tsarin mulki ya taƙaita Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amura irin su aure da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi, kuma a shari'ar Magaji da Matari a 2000 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa rikicin mallakar fili zalla ba ya cikinsu. Sai mutum ya yi nasara a ƙasa, ya yi nasara a sama, a je can gaba a rushe komai a ce tun farko ba a shiga ta ƙofar da ta dace ba, ya koma ya faro. Kafin nan an gina bene a filin. Majalisa tana iya neman ɓangaren shari'a ya sa a riƙa tantance hurumi tun a teburin shigar da ƙara, a kuma ware alƙalai a Babbar Kotu da za su riƙa sauraron ƙarar cika cinikin fili cikin gaggawa, a fara da gidan sasanci na kotun, in an kasa a wuce gaba cikin wa'adi. Da an shigar da ƙara a rubuta ta a waccan rajista, a dakatar da gini da sayarwa. Doka ta riga ta hana sayar da abin da ake shari'a a kansa, amma hanin da babu wanda ya gani a rubuce ba ya tsayar da magini.

Saura inda filin ya riga ya tafi ba yadda za a yi a dawo da shi. A nan ne ake yi wa mutane yankan ƙauna, a ce a mayar musu da abin da suka biya, wani lokaci da kuɗin ruwa a kai, alhali yawancinsu ba za su taɓa kuɗin ruwa ba ko da yunwa za ta kashe su. A farkon shekarun 1970, lokacin da farashin gidaje ke tashi a Ingila, wata kotu a can, a shari'ar Wroth da Tyler, ta fuskanci gidan da aka yi cinikinsa a kan kimanin fam 6,000 ya kai fam 11,500 kafin ranar hukunci. Da ta ga ba za a iya tilasta miƙa gidan ba, sai ta auna diyyar da farashin ranar hukunci, ta ba masu saye bambancin. Abin da nake roƙo ku rubuta a dokarmu ke nan: wanda ya tayar da ciniki da gangan ya sayar wa wani, zai biya abin da zai sayi irin wannan fili a wannan unguwa a ranar da aka yanke hukunci, tare da asarar kayan ginin da aka yi. A zauna da malamanmu su duba yadda za a tsara shi ya dace da shari'a. Dillalin da ya san da ciniki na farko ya kuma kai wani, a haɗa shi cikin masu biya, a kuma yi wa dillalan filaye rajista domin a san wanda za a kama.

Ina roƙon Mai Girma Shugaban Majalisa ya miƙa wannan batu ga kwamitin shari'a da kwamitin filaye su zauna tare, su kira zaman jin ra'ayin jama'a da za a yi da Hausa, a gayyaci alƙalan Babbar Kotu da na kotunan shari'ar Musulunci, da ƙungiyar lauyoyi, da masarauta, da shugabannin dillalai, da mutanen da aka mayar wa kuɗinsu su zo da takardunsu a hannu. Ni da wasu abokan aikina a shirye muke mu taimaka wajen tsara daftarin dokar da takardar cinikin ba tare da an biya mu ba.

Allah Ya yi muku jagora, Ya ba ku ikon sauke amanar da ke wuyanku.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani lauya mazaunin Kano